Man Zaitun da Katin Asibiti: Magana Ga Ikilisiyoyin Sakkwato

Kafin fasto, fada, katikis ko dattijon ikilisiya ya ɗora wa marar lafiya hannu, akwai tambayoyi uku da ya kamata su fara fitowa daga bakinsa: an je asibiti? Me suka ce? Ina maganin? Babu ɗaya daga cikinsu da ke rage wa addu'a ƙarfi. Amma a majami'u da yawa a Sakkwato ana jin nauyin yin su, kamar wanda ya ambaci likita a gaban bagade ya tona asirin ƙarancin bangaskiyarsa. A ganina wannan nauyin bakin yana cin rayuka, kuma tushensa shi ne karanta Littafi Mai Tsarki guntu-guntu, a tsinko aya ɗaya a bar 'yan'uwanta.

Mu fara da wurin da kowa ke kafa hujja, Yakubu 5:14-16. Wanda ya karanta a natse zai ga tsari ne mai matakai. Marar lafiya ne ke aikawa a kira. Waɗanda ake kira dattawan ikilisiya ne, jam'i, mutanen da suka san shi suka san gidansa. Su ne ke zuwa inda yake kwance. Su yi addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Sai maganar furta zunubi ga juna, wato in akwai gaba ko bashi ko zargi tsakanin mutane a warware. Babu farashi a cikin ayoyin, babu dandamali, babu mai ɗaukar hoto. Abin da ake gani yau ya juye wannan tsari kaf: a ɗauko marar lafiya a Keke Napep cikin rana a kai shi wurin mutum guda da ake cewa shi ke da shafewa, a sayar masa da kwalbar mai da kuɗin da zai isa gwajin jini, in bai warke ba a ce laifin bangaskiyarsa ne. Saminu mai sihiri ya nemi sayen baiwar Allah da kuɗi a Ayyukan Manzanni sura 8, kowa ya san amsar da Bitrus ya ba shi. Gehazi kuma ya bi Na'aman a guje don ya karɓi abin da Elisha ya ƙi karɓa, ya dawo da kuturta.

Na gaskata Allah yana warkarwa, wani lokaci ta hanyar da likita ba shi da bayani a kai. Sai dai littafin da ya koya mana haka shi ne kuma ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14. Littafin ne kuma ya ce Ishaya ya sa a ɗora wa Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, bayan Allah ya riga ya yi alkawarin ƙara masa shekara 15. Basamariyen nan na cikin misalin Yesu ya zuba wa wanda aka sassara mai da ruwan inabi, ya ɗaure raunukan, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya biya dinari biyu, ya ce in an kashe fiye da haka zai cika. Da harshenmu na yau: taimakon gaggawa, abin hawa, kuɗin gado. Bulus, wanda aka warkar da mutane ta hannunsa, ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas, ya ba Timoti shawara kan ciwon cikinsa, shi kansa ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba. Mai wa'azin da ya san Markus 16:18 (ayar ɗora wa marasa lafiya hannu) da ka amma bai taɓa karanta wa jama'arsa 2 Timoti 4:20 (ayar Tarofimas) ba, rabin labari yake ba su.

Tarihinmu a wannan yanki ma bai goyi bayan raba addu'a da magani ba. Mishan ta SIM, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta, ta riƙe wurin jinyar kutare a Amanawa tun ƙarshen shekarun 1930. Mutanen nan suna addu'a safe da yamma, suna kuma wanke gyambo. Yau kuturta tana warkewa da haɗin ƙwayoyi na wata 6 ko wata 12, kyauta. Wanda ya ga fari-farin tabo a fatarsa da ba ya jin taɓi a wurin, ya tsaya shafa man zaitun shekara biyu, yatsunsa yake sa wa caca.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne cututtukan da kamanninsu ke sa a ce iska ce. Farfaɗiya ce kan gaba. Idan mutum ya faɗi yana jijjiga a cikin sujada, abin yi kaɗan ne: a janye benci da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan riga, a duba agogo. Kada a danne shi, kada a cusa cokali a bakinsa. In jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe don yawu ya zubo. In ta wuce minti 5, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, ko mace mai ciki ce, sai asibiti nan take. Yawun mai farfaɗiya ba ya yaɗa cutar, don haka gudun da ake yi ba shi da dalili. Babban kuskure kuma, wanda masu kyakkyawar niyya ke yi, shi ne ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa man zaitun ko ruwan addu'a. Ba ya iya haɗiya a lokacin, abin sai ya bi ta maƙogwaro zuwa huhu, a wayi gari da ciwon huhu a kan ciwon da ake da shi. Mai son shafa mai ya shafa a goshi.

Sanƙarau kuwa baƙonmu ne na rani, daga hunturu har zafin Afrilu da Mayu. Zazzaɓi mai ƙarfi, ciwon kai, sandarewar wuya, ƙin haske, sambatu. Ga jariri kuma maɗiga ta kumbura. Sambatun ne ke ruɗin mutane su ce aljani ya shiga. Wannan ciwo da awoyi yake aiki, dare ɗaya na addu'ar kwana zai iya zama bambancin yaro mai ji da yaro kurma, ko mai rai da gawa. A yi addu'ar a cikin mota, Allah yana ji a hanyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo kamar yadda yake ji a majami'a. Haka zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa, haka jijjigar mai ciki da ke biyo bayan kumburin ƙafa da fuska da ciwon kai da gani dishi-dishi. Shi ma yaron da ke fama da yunwa aka ga dasashinsa ya kumbura yana wari, ana maganar kwanaki ne kafin ciwon da likitoci ke kira noma ya ci kumatu. Asibitin da aka keɓe wa wannan ciwo yana nan cikin garin Sakkwato tun 1999, mutane na zuwa daga jihohi masu nisa, mu da yake bakin ƙofarmu ba mu da uzuri.

Taɓin hankali ya fi wuyar magana, domin a nan ne iyali ke jin kunya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Amma sai a ɗaure saurayi da sarƙa a bayan majami'a, a hana shi abinci, a yi ta tsawata wa aljani da bulala a hannu. Mutumin Garasinawa da ke Markus sura 5, mutanen gari ne suka ɗaure shi da sarƙa. Yesu ya same shi a makabarta bayan ya tsintsinke sarƙar, ya bar shi zaune da tufafi cikin hankalinsa. Maganin irin waɗannan cututtuka ba ya nuna aiki a kwana biyu, yakan ɗauki makonni, kuma wanda ya daina sha don ya ji sauƙi sau da yawa ciwon kan dawo. Aikin ikilisiya a nan shi ne ta samu mutum ɗaya da zai riƙa tuna masa ranar komawa asibiti, ta kuma bar masa wurin zamansa a ƙungiyar mawaƙa.

Sai azumi. A garin da zafi ke haura digiri 40, a kira azumin kwana uku babu ruwa a watan Afrilu ba tare da an ware kowa ba, ganganci ne. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya, in ya sha magani bai ci abinci ba sugansa kan faɗi: zufa, karkarwa, ruɗewa, suma. In yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari ko lemon kwalba mai zaƙi nan take. Mai sikila in ruwa ya ƙare a jikinsa ciwon ƙashi kan tashi. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda, tsoho tukuf, duk haka. Ba ya isa fasto ya ce ai kowa ya san halin jikinsa. Mutane suna jin kunyar a gan su suna shan ruwa. Ya faɗa da bakinsa daga kan bagade, ya lissafa su, ya ce waɗannan an ɗauke musu. Maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe da wannan fayyacewar, marar lafiya da matafiyi suna da rangwame a azumin Ramadan kuma ƙaramin yaro ma ya sani. Babu aibu mu koyi faɗin abu a sarari daga wurinsu.

Wurin ba da shaida shi ma yana buƙatar doka. Mai tarin fuka yakan ji garau bayan 'yan makonni da fara magani, amma maganin na wata 6 ne. Wanda ya ajiye a wata na biyu yana iya tayar da nau'in da ba ya jin maganin farko, ya kuma shafa wa 'ya'yansa. Mai ɗauke da HIV da gwaji ya nuna ba a ganin ƙwayar a jininsa, alama ce maganin yana aiki, in ya daina za ta dawo. Mai hawan jini da awo ya nuna daidai, ƙwayar da yake sha ce ta daidaita shi, kuma shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama. To idan irin waɗannan suka fito gaba suka zubar da ƙwayoyi a ƙasa jama'a na tafi, wa zai ɗauki alhakin abin da zai biyo baya bayan wata huɗu? Yesu da ya warkar da kutare ya tura su su nuna kansu ga firistoci, waɗanda bisa Littafin Firistoci sura 13 da 14 su ne masu duba fata su tabbatar. Dokar da nake ba da shawara mai sauƙi ce: wanda ya ce ya warke ya koma a gwada shi, kuma wanda ya rubuta magani shi kaɗai ke cewa a daina. Warkarwa ta gaskiya ba ta tsoron gwaji.

Akwai hujjar da masu gidajen addu'a ke kawowa wadda ba za a yi watsi da ita ba: talauci. Mace ta je asibiti an rubuta mata gwaji uku da magani, ta duba ɗan abin da ke ƙulle a bakin zanenta ta juya. Addu'a aƙalla ba ta neman kuɗin kati. Wannan gaskiya ne, kuma ikilisiyar da ta ce a je asibiti ta tsaya nan ba ta fi mutumin da Yakubu ya kwatanta a sura ta 2 ba, mai ce wa mayunwaci ya tafi lafiya ya ƙoshi. Abin da ake buƙata kwamitin jinya ne na mutum biyar zuwa bakwai, a cikinsu da ma'aikacin lafiya ko da ɗaya, da mata biyu daga Zumuntar Mata, da mai abin hawa wanda wayarsa ba ta kwana a kashe. A ware baiko ɗaya a wata don asusun. Mutum biyu su sa hannu kafin kuɗi ya fita. A biya kai tsaye a wurin gwaji ko kantin magani a karɓo rasit, domin kuɗin da aka damƙa a hannu a gidan da babu hatsi, garin tuwo zai zama, kuma ba za a zargi kowa ba. Duk wata uku a karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita, ba tare da sunan marar lafiya ba. Irin wannan asusu abu biyu ke kashe shi: a ranta daga ciki don ginin majami'a da niyyar mayarwa, ko a fara zaɓen wanda za a taimaka bisa ƙabila.

Kwamitin ya riƙe takardar masu ba da jini, da rukunin jinin kowa da lambar wayarsa: mai shekara 18 zuwa sama, mai nauyin kilo 50 ko fiye, wanda ya yi wata uku bai bayar ba. Mace mai zubar jini bayan haihuwa ba ta da lokacin da za a fara cigiya a WhatsApp, ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin sikila kuma a yi shi tun ana zance, kafin iyaye su shiga maganar kuɗin aure. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki. Ikilisiyar da ke neman takardar gwaji mako biyu kafin ɗaurin aure, bayan an ɗinka anko, tura mutane take yi su yi ƙarya.

Na ce tushen matsalar karatu ne, to maganin ma yana can. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, ga fassarorin da suka biyo baya, ga shi a waya ana saurare. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zama a karanta sura sukutum. Rukuni na mutum takwas zuwa goma sha biyu ya isa. In ya fi haka masu baki ne kawai za su yi magana. A karanta sura ɗaya da murya, da Hausa sannan da Turanci. A tsaya kan tambayoyi uku: wa ke magana, da wa yake yi, me ya zo kafin ayar da bayanta. Littafin Markus surori 16 gare shi, sura ɗaya a mako wata huɗu ke nan. Daga nan a shiga Ayuba, a lura cewa abokansa sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru, sun ɓata ne da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa. A haɗa da Yahaya sura 9, inda Yesu ya ce makantar mutumin ba laifinsa ba ce, ba kuma na iyayensa ba. A karanta Zabura 88 har ƙarshe ba tare da an yi mata kwaskwarima ba, tunda ita a cikin duhu ta ƙare, kuma akwai mai jinya a rukunin da ke buƙatar sanin cewa irin addu'arsa tana cikin Littafin. Abin da ke lalata irin wannan zama shi ne jagora ya mai da shi wa'azi na biyu, ko masu Turanci su mamaye har tsohuwar da Hausa kaɗai take ji ta daina zuwa.

Zaman yana da wata riba ta musamman a Sakkwato, domin benci ɗaya yakan ɗauki Bahaushe Kirista, da ɗan Zuru, da mutumin Kudancin Kaduna ko Filato, da Tibi, da Ibo mai shago, da Bayarabe, da sojan barikin Giginya, da ɗan bautar ƙasa da ya zo jiya. Kowa ya taho da bayanin cuta na garinsu. Yaron da ake haifa yana mutuwa ana sake haifa, Bahaushe ya ce ɗan wabi, Bayarabe ya ce abiku, Ibo ya ce ogbanje. Ranar da mutum uku suka faɗi waɗannan sunaye a zama ɗaya, ma'aikaciyar jinya da ke cikinsu ta bayyana yadda sikila ke bin gida, za a ga fuskoki sun canza. Ba duk mutuwar yara ce sikila ba, amma iyaye mata da yawa sun sha zargin maita kan abin da gwajin jini ɗaya zai fayyace.

A ɗakin jinya ne Kirista da Musulmi ke haɗuwa ba shiri. Gado na jikin gado, mai jinyar wannan ke riƙe wa wancan ledar ƙarin ruwa in ya fita sallah, flas ɗin ruwan zafi ɗaya ke zagaye ɗakin. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da Bishop Matthew Hassan Kukah suna zama teburi ɗaya a tarukan zaman lafiya, kuma hakan yana da amfani, amma wanda ya ga dokar hana fita da aka sa a Sakkwato a watan Mayun 2022 saboda tarzoma ya san yadda amana ke saurin tsagewa a ƙasa. Masu zuwa dubiya daga majami'a suna iya ɗinke ta ko su ƙara yaga ta. Mutum biyu ko uku sun isa, minti 15 ya isa. A gaida ɗakin gaba ɗaya, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, kafin a nufi gadon da aka zo dominsa. A nemi izinin ma'aikaciyar jinya. Addu'a da murya ƙasa-ƙasa, babu tafi, babu ganga, babu tsawa. Mata su shiga ɓangaren mata. In lokacin sallah ya yi a matsa a ba da wuri. Kada a tsaya yi wa na gadon kusa wa'azi, mutumin da ke ɗaure da ƙarin ruwa ba shi da halin tashi ya bar wurin, kuma cin moriyar wannan rauni ba bishara ba ce. In shi ya ce a sa shi a addu'a, a sa shi, a taƙaita. In an kawo ayaba ko kunu a raba har da shi, bayan an tambaya ko likita ya hana shi wani abu.

Haka lasifikar addu'ar dare a unguwa irin Mabera ko Old Airport, inda katanga ɗaya ta raba majami'a da gidan mai jego. Juya ta ciki bayan ƙarfe goma ba ja da baya ba ne a bangaskiya. Romawa 12:18 ta ɗora mana neman zaman lafiya da kowa iyakar iyawarmu. Jinin da ke cikin takardar kwamiti kuma kada a tambayi addinin mai karɓa, kamar yadda Kiristoci da yawa a garin nan ke yawo da jinin Musulmi a jikinsu ba su sani ba.

Saura wanda aka yi masa addu'a, aka kai shi asibiti, aka biya komai, bai tashi ba. Kada kowa ya je gidan makoki da bincike kan wanda bai ba da gaskiya sosai ba. Kwamitin ya duba ko akwai sauran bashin asibiti ya biya, ya rubuta sunayen yaran da ke makaranta, ya sa mutum biyu su koma gidan bayan wata guda, lokacin da masu ta'aziyya sun watse kuma buhun shinkafar da aka kawo ya ƙare.